Ranar Da Muka Yi Wa Layinmu Kwalliya

A layinmu na Azare akwai wani rami da ko raƙumi ya faɗa sai an zura masa igiya. 'Yan acaɓa daga bakin titi suke sauke fasinja, su ce, "Ƙarasa da ƙafa, Hajiya, ni ina da iyali."

Bara mai unguwa ya zo da labari. Ƙaramar hukuma ta ce abin da ke hannunta layi ɗaya zai gyara, kuma injiniya zai zagayo ranar Asabar ya ga wanda ya fi lalacewa.

To, a gidanmu idan baƙo zai zo, har akuya sai ta yi wanka. Baba ya miƙe bayan La'asar ya ce, "Jama'a, babban mutum zai taka layin nan ya same mu a haka? Me zai je ya ce da mu?"

Aka kira gayya. Samari da baro da shebur, mata da tsintsiya. Muka cika ramin da fasassun bulo da yashi, ni da ƙannena muka yi ta tsalle a kai har ya kwanta kamar daɓe. Aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi, aka damo fura.

Injiniya ya sha furarsa, ya taka layin daga farko har ƙarshe, sannan ya dubi Baba.

"Alhaji, ai ku kun more! Ina ma kowace unguwa haka take."

"Ranka ya daɗe, a ƙarƙashi fa..."

"A ƙarƙashi me?"

Baba ya dubi mutane, mutane suka dubi takalmansu. Wa zai ce wa baƙo an ɓoye masa abu?

"Lafiya lau," in ji Baba.

Tifofin marmara suka wuce bayan kasuwa, wurin mutanen da ko bolarsu ba su kwashe ba.

Ruwan farko ya tafi da yashinmu har da riba. Da safe ina biye da Baba, ya tattare babbar rigarsa yana lallaɓawa ta jikin katanga, sai mai shayi ya ɗaga murya:

"Alhaji, a kawo tsintsiya ne?"

Teburin shayi ya kwashe da dariya. Ni da malamai ke kora daga aji saboda dariya, ranar na neme ta na rasa. Baba bai juyo ba. Ya ce da ni a hankali, "Gobe ta ƙofar baya za mu bi."