Tauraron da Kawu Mika'ilu Ya Ajiye wa Maigida

A danginmu idan aka ce "mai ido", ba sai an ƙara suna ba, Kawu Mika'ilu ake nufi. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana ɗinkin hannu na manyan riguna a wata 'yar rumfa a Tudun Wadan Zariya, bayansa jingine da bango, riga shimfiɗe a cinya, zare a baki. An ce mutum zai wuce a kan babur, rigarsa na kaɗawa, Kawu ya ce, "Wancan maɗinkin ya yi tsallake a aska ta uku ta adon ƙirjin rigar." Sai a yi ta dariya. Ranar da aka tsayar da wani aka duba aka ga haka ne, dariyar ta ƙare.

Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi cikin birni wurin Alhaji Gwadabe ya koyi sana'ar. Dokar shagon ɗaya ce: aiki ba ya fita sai maigida ya juya shi ya duba bayansa, domin a can ne ake ganin ƙullin da aka ɓoye da zaren da aka ja da ƙarfi. Sau ɗaya tak Mika'ilu ya karya dokar. Yana saurayi, kansa ya fara girma, mai riga ya zo yana sauri, maigida ba ya nan, sai ya naɗe ya miƙa masa. Bayan kwana biyu rigar ta dawo, wuyan ya karkace. Alhaji Gwadabe bai zage shi ba. Ya zaunar da shi a ƙofar shago, inda kowa ke wucewa, ya ba shi reza ya ce ya warware aikin wata uku da hannunsa. Tun daga ranar, har ya yi aure, har ya buɗe tasa rumfar, har furfura ta fito masa, duk rigar da ya gama sai ya hau keke ya kai ta birni. Da Alhaji ya rasu, ya koma kai wa wanda ya gaje shi.

Abin da ya raba shi da allura ba ido ba ne, hannu ne. Rawa ta kama hannunsa na dama, tun yana ɓoyewa har ta kai zare ba ya shiga kafa. Ya rufe rumfar. Zaman gida ya ishe shi, sai ya tsiri zuwa shagon da autarsa Rahma take aikin buga takardun ɗalibai, ya zauna a benci yana kallon hanya.

Mai shagon, Vincent, haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan birni. Kimiyya ya karanta a jami'a, amma rayuwa ta ajiye shi a gaban injin hoton takardu. Idan babu mutane yakan buɗe wani shafi a kwamfuta ya yi ta kallon wani dogon layi na ɗigo-ɗigo. Wata rana Kawu ya leƙo ta bayansa, ya nuna da yatsa mai rawa.

"Nan ya lotsa."

Vincent ya matso da fuskarsa, ya ƙara girman hoton. "Baba, ina ka gani? Ni da na yi minti biyar ina kallo!"

"Ga shi nan kamar an tsallake zare biyu. Wane ne ya yi wannan aikin?"

"Allah ne ya yi, Baba."

"To ashe da dalili. Faɗa mini."

Vincent ya yi masa bayani. Akwai na'urar hangen nesa da aka harba sama, tana auna hasken taurari dubu-dubu. Kowane ɗigo awo ɗaya ne. Idan wata duniya tana zagaya tauraro, kamar yadda tamu ke zagaya rana, duk lokacin da ta gifta ta gabansa sai haskensa ya ɗan ragu, layin ya lotsa. "Kamar kana tsaye a nan, ƙuda ya wuce ta gaban fitilar tirela a can gadar Kwangila," in ji shi. Taurarin sun yi wa masana yawa, shi ya sa suka baza su ga duk mai son taimakawa. Wanda ya fara nuna wata sabuwar duniya a dandalin shafin, idan aka tabbatar, ana sa sunansa a takardar binciken.

Wannan maganar ta ƙarshe ta zauna wa Kawu a rai. Ya ɗinka wa alhazai da malaman jami'a da angwaye riguna ba adadi, ana yabon rigar, ana yabon mai ita, ba a taɓa tambayar hannun da ya yi ba. Bai taɓa ƙorafi ba, haka sana'ar take. Amma ga shi yanzu hannun ya tafi, kuma ga wani aiki da ake rubuta sunan mai shi. Ya ce wa Rahma a hanyar gida, yana ɗan jin nauyin maganar, "Ko sau ɗaya ne, ina son a ga Mika'ilu Tudun Wada a rubuce."

Aka buɗe masa nasa shafin. Kullum da hantsi yana nan. Hannunsa ba ya iya riƙe ɗan abin dannawar nan, maus, don haka shi ne ido, Vincent ko Rahma su ne hannu. Kuma tun a makon farko ya raɗa wa Vincent suna.

"Maigida, zo ka juya mini wannan."

"Haba Baba, ka haife ni fa. Wane irin maigida?"

"Wa ya koya wa wani? To shi ke nan."

Vincent ya san 'yan dabarun tantancewa. Yakan duba ko taurari biyu ne ke gifta juna, ko hasken maƙwabci ne ya shigo, ko na'urar ce ta girgiza. Sau uku Kawu yana miƙewa tsaye da murna, sau uku Vincent yana nuna masa ba duniya ba ce. Kawu bai ji haushi ba, sai ma girman Vincent ya ƙaru a idonsa. Akwai wani tauraro da suka gani cikin azumi, mai lotsawa ɗaya tak, mai kyau, ƙasanta a shafe. Vincent ya ce guda ɗaya ba ta isa hujja ba, sai ta maimaita. Suka ajiye shi a ma'ajiyar shafin.

A farkon Nuwamba aka yi wa Vincent waya cewa mahaifiyarsa ta rasu a garinsu. Ya miƙa wa Rahma makullin shago, ya ce mako biyu zai yi, ya kwashi iyalinsa suka tafi.

Kwana shida da tafiyarsa aka saki sababbin awo. Kawu ya sa Rahma ta buɗe masa taurarin da ya ajiye, ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan na azumi sai ya dafa kafaɗarta.

"Tsaya. Koma baya. Nan."

Ga ta nan, lotsawa ta biyu. Ya sa ta jera ta da ta farko. Zurfi ɗaya, faɗi ɗaya, kamar hannu ɗaya ne ya zana su. Rahma ta leƙa dandalin, babu wanda ya ce komai a kan wannan tauraro.

"Baba, in rubuta? Layi biyu ne kawai, in danna ya tafi."

"Maigida bai gani ba."

"Baba, mutane nawa ne a duniya suke kallon abin nan!"

"Su kalla. Sau nawa na rantse na gani, ya juya ya nuna mini ƙarya ce? Kina so in fitar da karkataccen wuya a gaban Turawa da Larabawa da kowa da kowa, da sunana a jiki?"

"To mu kira shi mana."

Da yamma Kawu ya kira. Rahma na gefe tana yi masa alama da ido. Ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyya, ya tambayi yara da mutanen gida, ya yi addu'ar Allah ya ba da haƙuri. Vincent da kansa ya ce, "Baba, ya taurarinmu?" Kawu ya ce, "Suna nan lafiya, suna gaishe ka," ya kashe wayar.

"Baba!"

"Mutum yana zaman makokin uwarsa zan kai masa maganar aiki? Wa ya yi miki tarbiyya?"

Abin da Kawu bai sani ba shi ne, a garin su Vincent ba a binne mamaci a ranar kamar yadda muke yi. Sai an sa rana, dangi sun hallara daga nesa. Aka sa tsakiyar Disamba. Bayan jana'iza ga bukukuwan ƙarshen shekara, ga zaman dangi kan gidan marigayiya. Mako biyu ya zama goma. Duk Juma'a Kawu na kira ya gaishe shi, kuma tunda ba a binne ba, a wurinsa makoki bai ma fara ƙarewa ba.

Kowace safiya, kafin ta share shago, Rahma takan buɗe dandalin ta ga ko wani ya riga su. Ta rubuta saƙon ta ajiye. Ta taɓa kai hannu za ta danna, ta tuna fuskar mahaifinta, ta janye. Ta taɓa ɗaukar waya za ta tura wa Vincent hoton a ɓoye, ta ga kamar ta tsallake uba ne ta kai ƙararsa. Shi kuwa Kawu kullum sai ya sa an buɗe masa tauraron, ya yi ta kallonsa, ya ce, "Yana nan. Rufe." Da aka shiga sabuwar shekara aikin ɗalibai ya yi yawa, Rahma ta daina leƙa dandalin. Ta ce tsoron abin da za ta gani ne ya hana ta, ba aikin ba.

Vincent ya dawo a tsakiyar Janairu, ya rame, an yi masa askin makoki irin na al'adarsu. Kawu ya je har gida ya sake yi masa gaisuwa, ya bar shi ya huta kwana uku. A rana ta huɗu ya sa farar rigarsa ya zo shago.

"Maigida, akwai aikin da ke jiranka."

Vincent ya zauna. Ya duba maƙwabtan tauraron, ya duba siffar lotsawar, ya jera biyun. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, wannan ba ta da aibi. Yaushe ka gani?"

"Kwana shida bayan tafiyarka."

Vincent ya juyo gaba ɗaya. Sannan ya buɗe dandalin. A ƙarƙashin lambar tauraron akwai saƙo, an rubuta shi kwana tara da suka wuce. Wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta a wata ƙasa mai nisa. Layi biyu. A ƙasa wata masaniya ta amsa mata cewa sun gani, sun gode, za su bi sawu.

Vincent ya kama kansa da hannu biyu. "Baba, don me ba ka gaya mini ba? Duk Juma'a muna magana!"

"Kana makoki."

"Da ka faɗa, da na ji daɗi a cikin makokin! Kuma ni wane ne? Mai hoton takardu ne fa ni. Masu juya aikin suna can, don haka aka buɗe wurin. Ka tura, in kuskure ne su ce kuskure ne, ba mai zaunar da kai a ƙofa. Ita ma matar nan ba ta tabbatar ba, tambaya ta yi."

"Ba ka taɓa gaya mini haka ba."

Gaskiya ne. Daɗin kiran maigida ya hana Vincent faɗa, shi da ya yi shekara ashirin ba wanda ya tambaye shi abin da ya karanta.

Kawu ya miƙe, ya gyara rigarsa da hannun hagu, ya ce zai je masallaci, alhali ko azahar ba ta yi kusa ba.

Ya ci gaba da zuwa shagon na 'yan makonni, amma benci yake zama, ba ya leƙa kwamfutar. Daga baya rawar ta kama ɗaya hannun, zuwan ya ragu, har ya tsaya.

Bayan shekara guda da wani abu takardar binciken ta fito. Vincent ya buga ta, ya kawo gida da kansa. Suka zauna a zaure, Rahma tana karantawa tana fassarawa. An tabbatar duniya ce, babba, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. A shafin farko, a jerin sunaye, ga sunan dattijuwar.

Kawu ya sa aka maimaita masa sunan har ya iya faɗa. Sannan ya ce wa Rahma, "Rubuta mata. Ki ce wani tsoho a Zariya yana gaishe ta, yana taya ta murna, idonta yana da kyau."

"In gaya mata kai ka riga ta gani da wata biyu?"

"Wa ya shaida?"

"Ni mana, Baba. Ina wurin."

"Shaidar 'ya ga ubanta? Ki bar baiwar Allah ta ji daɗin abinta."

Vincent ya ce shi ma zai iya sa baki. Kawu ya girgiza kai. "Kai kana garinku."

Rahma ta rubuta abin da aka ce ta rubuta, ba ta ƙara ko kalma ba. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Dattijuwar ta yi godiya ƙwarai, ta ce ba ta san akwai masu wannan aikin a Zariya ba, ta tambaya ko shi ma ya taɓa dacewa da wani abu.

Rahma ta karanta masa, ta tsaya da wayar a hannu tana jira. Kawu ya daɗe yana kallon hannuwansa suna kaɗawa a cinyarsa.

"Ce mata a'a," in ji shi.