Sha Huɗun Yaya Maharazu

Yayana Maharazu a da malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati. A gidanmu na unguwar Mandawari aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan yake har yau. Yana ƙarami Babanmu ya zaunar da shi ya karanci nahawun Larabci, shi ya sa ko lissafi yake koyarwa sai ka ji yana cewa kowace jimla da ƙa'idarta.

A 1994 aka tura shi kwas ɗin kwamfuta na wata tara. Ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta, ya kafa ta a soron gida, ya ce so yake yara su riƙa ba na'ura umarni da Hausa. Sai ya duƙufa rubuta manhajar da za ta karanta abin da yaro ya rubuta, ta warware shi gaɓa-gaɓa, ta juya shi zuwa yaren da na'urar ke ganewa. Ni Luba, ƙanwarsa, malamar firamare ce, ni nake gwada masa duk ranar da aka kawo wuta.

Abin da ya fi wahalar da shi shi ne koya wa manhajar wace alamar lissafi ce ke gaba da wace.

"Luba, biyu a tara da uku sau huɗu, nawa ne?"

Na ce, "Sha huɗu mana, Yaya. Ai sau ake fara yi."

"To ke an koya miki. Ita daga hagu take karantowa, ta haɗa biyu da uku, ta ninka, ta ba ni ashirin."

Wata huɗu ya yi yana tsara mata nahawu mai hawa uku: abin da ke cikin baka shi ne farko, sai sau da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa. Ranar da sha huɗu ta fito a allon, har cikin gida ya shiga ya gaya wa Inna, ita kuwa ta sa masa albarka ba tare da ta fahimci komai ba.

Da soja suka koma bariki a 1999, aka kafa wani kwamiti na shigar da kwamfuta makarantu. Shugabansa Alhaji Gambo ne, ɗan kasuwar da ya yi wa jam'iyya hidima lokacin zaɓe. Cikin mambobin akwai Malam Ilu, abokin karatun Yaya, wanda shi ma lissafi ya karanta. Aka ba mu ranar Talata mu je mu nuna wa kwamitin manhajar. Muka ɗora kwamfutar a tasi, ina rungume da allon a cinyata.

Yaya ya nuna musu abubuwa da yawa, amma don alfahari sai ya rufe da wancan lissafin. Sha huɗu ta fito. Alhaji Gambo ya zaro ƙaramar kalkuletarsa ta shago, ya danna, ya ɗaga ta sama.

"Malam, tawa ashirin ta ce."

"Ranka ya daɗe, irin wannan kalkuletar bi da bi take yi, ba ta san ƙa'ida ba."

"Wato Bature bai san ƙa'ida ba, sai kai?"

Aka kwashe da dariya. Yaya ya juya ya ce, "Malam Ilu, don Allah ka yi musu bayani." Malam Ilu ya sunkuya yana jujjuya takardun gabansa.

Alhaji ya ce Yaya ya je ya gyara manhajar ta dace da kalkuleta, ya dawo mako mai zuwa. A tasi na ce, "Yaya, gyaran zai yi wuya?"

"Minti goma ne. In rushe hawa ukun su zama ɗaya. Sannan duk yaron da ya zauna gabanta ya tashi da ƙarya a kansa." Bai koma gaban kwamitin ba.

Rahoton kwamitin ya ce manhajar tana kuskure a lissafin firamare. Maganar ta isa makarantarsu, malamai suka laƙaba masa Sha Huɗu, shugaban makaranta ya karɓe ajin ƙarshe daga hannunsa. Ya jure shekara uku ya ajiye aikin. Yanzu yana zaman rumfar takalma ta surukinsa a kasuwar Kurmi. Faya-fayan da ya adana aikin a kai sun yi fumfuna, ba wanda ke buɗuwa.

Da Inna ta rasu, Malam Ilu ya zo gaisuwa cikin babbar mota, lokacin ya zama darakta. Yaya ya ce mini bayan addu'a mutumin ya matso kusa da shi ya rage murya, ya ce, "Wallahi na san kai ne da gaskiya ranar nan. Iyali ne da ni."

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce mun gode da ta'aziyya, Allah Ya ba da lada." Ya tashi ya shiga naɗe tabarmin masu gaisuwa.