Hoton Gidan Mma Azumi da Ruwa Ya Cinye

Asabar: daga Maamobi zuwa Tudu

Ƙarfe huɗu saura kwata na asuba muka ja ƙofar ɗakinmu a Maamobi, ni da maigidana Alhasan, Baban Jamila. Ina rungume da jakar kyamara kamar jaririya, shi kuma ya kwashi sauran kayan duka. Ni malamar firamare ce a Kotobabi. Ɗaukar hoto ciwo ne da ya kama ni shekara huɗu da suka wuce, ranar da na sayi kyamara ta hannu a kasuwar Circle. Tun daga nan duk ƙarshen makon da na samu sarari sai na fita, yau bakin teku, gobe duwatsun Aburi, ina bin tsuntsaye da faɗuwar rana. Alhasan tela ne, babu ruwansa da hoto. Ya ce yana bina ne don kada in faɗa rami ina kallon sama.

Wannan tafiyar ba ta yawo ba ce, aike ne. Mma Azumi, yayar mahaifina wadda ta raine ni tun ina 'yar shekara biyar, an haife ta a wani ɗan zango kusa da tsohon garin Kete Karachi. Tana yarinya ruwan tafkin Volta ya taso ya cinye garin, da gidansu, da kabarin mahaifiyarta, kuma ba ta sake komawa ba. Yanzu idonta na hagu ya mutu, na dama yana binsa a hankali, likita kuma ya ce mana abin na 'yan watanni ne. Ƙafa ba ta barinta doguwar tafiya.

Mun same ta a tsakar gida tana alwala. Ta miƙo mini ƙullin goro. Mma, kamar yawancin tsofaffin zango, kowa "kai" ne a bakinta.

"Rukaya, ka ba Yahuza wannan, shi zai nuna maka wurin. Ka ɗauko mini shi da kyau, in gani tun ido yana nan."

Na ce, "Mma, za ki ga hoton da ba ki taɓa gani ba." Da cika baki na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Tasi ta sauke mu a tashar Tudu ƙarfe huɗu da rabi. Muka yanki tikitin motar Dambai, sidi ɗari da saba'in kowane mutum, muka yi sallah a tashar, muka sha koko da ƙosai. Kwandasta ya so ya tura jakata cikin but ɗin mota a ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce sai dai ya tura ni tare da ita. Ya dubi Alhasan, Alhasan ya ce, "Chale, abokina, bar ta, ni ma bayan jakar nake zuwa." Mota ta cika, muka tashi shida saura minti ashirin.

Hanyar Akosombo zuwa Dambai

Bayan mun wuce Tema gari ya waye sosai. A daidai dajin Shai muka tarar da gwaggon biri sun fi goma zaune a bakin titi, wata uwa tana duba kan ɗanta, wani ƙato kuma yana kallon motoci kamar mai jiran a biya shi kuɗin hanya. Na roƙi direba ya tsaya minti ɗaya. Ya ce, "Madam, idan na tsaya wa kowane biri, gobe za mu kai." Ta taga na ɗauka, biyu suka yi kyau. Alhasan ma ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi ya danna. Da ya nuna mini, rabin hoton babban yatsansa ne, birin kuma ɗan ɗigo a can nesa. Na yi masa dariya har matar da ke kusa da mu ta taya ni.

Ƙarfe takwas da minti goma muka iso Atimpoku. Mata suka yanyame motar da abolo, wato wainar masara, da soyayyun 'yan mitsi-mitsin kifi. Muka sayi na sidi ashirin, muka haye gadar Adomi muna ci, kogi yana kwance kore shar a ƙasanmu. A shingen Asikuma aka ce kowa ya sauko ya nuna katin shaidarsa. Jami'in ya ga dogon gilashin kyamarata, ya tambaya ko 'yar jarida ce ni. Alhasan ya ce, "Malamar makaranta ce, tsuntsaye kawai take yi wa tambayoyi." Mutumin ya yi dariya ya ce mu wuce.

Daga Hohoe zuwa gaba hanya ta fara nuna halinta. Wani wuri kwalta, wani wuri ramuka, kaina ya gaisa da rufin mota ya fi sau biyar. Mun shiga Dambai biyu da rabi, bayan tafiyar kilomita ɗari uku da 'yan kai. Jirgin fito, wanda a can suke kira fantun, ya riga ya tashi, sai na ƙarfe huɗu. Muka yi azahar a wani masallaci kusa da kasuwa, muka ci banku, tuwon masara mai tsami, da gasasshiyar karfasa, muka zauna jiransa. Ya ɗauki motocin doya da babura da awaki da mu, ya ƙetare da mu cikin kusan rabin awa. Wata tsohuwar mota ta ƙarasa da mu Karachi ana kiran magariba.

Karachi

Ba mu sha wahalar samun gidan Baba Yahuza ba, kowa a zangon ya san shi. Dogon tsoho ne masunci, ya haura saba'in amma hannunsa kamar itace. Da na miƙa masa goron na faɗi sunan wadda ta aiko, sai ya juya ƙullin a hannunsa.

"Azumi yana da rai? Azumi na gidan Malam Bawa? Katanga ɗaya ya raba mu. Ranar da lori ya zo kwashe mutane, ya riƙe ƙofar gidansu yana kuka, sai da babansa ya ɓamɓare hannunsa."

Mma ba ta taɓa ba ni wannan labarin ba. Matarsa ta kawo tuwon masara da miyar ayoyo, wato lalo, ta ba mu ɗakin 'yarta da ta yi aure. Baba ya ce mu shirya da sassafe, don ruwan ba ya son a daɗe a kansa idan rana ta ɗaga. Safiya ɗaya ke gare mu, Litinin ina da aji.

Lahadi: a kan ruwa

Shida da kwata muka shiga kwalekwalensa mai inji. Ruwan ya kwanta lumui, ga kututturan matattun itatuwa tsaye a cikinsa nan da can, tun na zamanin da wurin yake tudu. Balbelu suna tashi layi-layi. Hasken safiyar nan irin wanda mai ɗaukar hoto yake roƙon Allah ne.

Mun yi tafiyar minti arba'in, sai Baba ya rage inji. Ya riƙa kallon wani dogon tudu da ke can ƙetare, mai tsaga a tsakiyarsa kamar an sare shi da gatari. Ya matsa dama, ya ɗan koma baya, har tsagar ta zo daidai saman wani baƙin kututture. Sannan ya kashe injin.

"Nan ne. Wannan kututture tsamiyar ƙofar gidansu ne. Makabarta yana bayansa kaɗan."

Na leƙa, ban ga komai ba sai ruwa da fuskata. Muka ɗaga hannu, Baba ya ja addu'a ga kakata da duk waɗanda ke kwance a ƙarƙashinmu. Hawaye ya zubo mini, ni da ban taɓa ganin matar ba.

Muna shafawa sai ga wani zalɓe ya sauko ya dira a kan kututturen tsamiyar. Shekara huɗu ina neman irin wannan. Na ɗora dogon gilashi, na buɗe shi iyakar buɗewa, yadda muke yi idan muna son tsuntsu ya fito tar, duk abin da ke bayansa kuma ya narke ya zama launi kawai. A wajen masu wannan sha'awar, wannan shi ne gwaninta. Alhasan ya taɓo ni ya ce, "Maman Jamila, ki ɗauki tudun can ma." Na ce, "Yi shiru kada ka kore shi." Sai ya zaro wayarsa. Na ɗauki zalɓen nan ya fi sau sittin, a tsaye, da kifi a baki, da fiffike a buɗe. Kafin in farga iska ta taso, Baba ya ce lokaci ya yi.

Tara da rabi muka yi sallama. Baba Yahuza ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya ba mu ƙullin busasshen kifi a kai wa Mma. Muka samu fantun na sha ɗaya, muka samu mota a Dambai ba jira. Duk hanyar ina duba hotunan ina jin daɗin kaina. Mun sauka Tudu bayan isha, ƙafafuna sun kumbura.

Litinin: Maamobi

Ana tashi daga makaranta na wuce Circle, na sa aka wanke mini hotuna biyar manya-manya. Da la'asar na samu Mma a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, Alhasan ya rufe shago ya zo ya ga yadda za ta yi. Ta sansana kifin ta yi murmushi, ta tambayi Yahuza, ta tambayi matarsa. Sannan na ɗora mata hoton farko a cinya, na ce, "Mma, ga tsamiyar ƙofar gidanku."

Ta ɗaga shi kusa da idonta na dama. Ta daɗe. Ta matsar da shi nesa, ta juya shi wajen haske, ta goge idon da bakin mayafi, ta sake dubawa. Ta karɓi na biyu, ta karɓi na uku. Ba zalɓen take kallo ba, bayansa take lalube.

"Akwai tudu a baya, mai tsaga. Kullum da safe Inna yana zaunar da ni a ƙofa yana yi mini kitso, ina kallonsa. Ban gan shi ba." Ta ajiye hoton a hankali. "Tsuntsu ina gani, amma baya duk dishi-dishi. To, idon ya riga ya tafi ke nan. Ka yi ƙoƙari, Rukaya, ni ne na makara."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ta ɗora wa idonta laifin da hannuna ya yi, har tana lallashina. Na durƙusa na ce, "Mma, ba idonki ba ne. Ni ma ba na ganinsa. Ni na dusashe shi da gangan, don tsuntsun ya yi kyau." Ba ta gane ba. Ta ce, "Ka goge tudu saboda tsuntsu?"

Alhasan ya matso. Ya tsuguna, ya ƙure hasken wayarsa, ya miƙa mata. Hoton a karkace yake, yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya, ga ƙeyata da gilashin kyamarata sun shigo ta gefe, zalɓen ɗan ɗigo ne kawai. Amma wayar nan ba ta san gwaninta ba, komai ta gani ta ɗauka. Ga kututturen, ga ruwan, ga tudun a baya da tsagarsa a fili.

Mma ta kai wayar dab da idonta. Ta ɗora yatsa a kan tsagar, ta jawo shi ƙasa sannu a hankali har kan kututturen, ta matsa kaɗan zuwa hagu, inda babu komai sai ruwa, ta tsaya.

"Nan Inna yake zama," in ji ta. Ba ta ɗauke yatsan ba har hasken wayar ya mutu. Alhasan ya sake kunna mata.

Washegari na koma Circle da wayar Alhasan. Mai wankin hoto ya ce zai yanke yatsan ya daidaita karkacewar, na ce kada ya taɓa komai, ya yi shi mafi girman da injinsa zai iya. Yana rataye a ɗakin Mma, daidai inda hasken taga yake faɗawa da safe. Hotunan zalɓe biyar suna cikin akwatina.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Baba Yahuza da iyalinsa, da direbobin da suka yi haƙuri da ni da jakata. Na kuma gode wa Baban Jamila, wanda har yau bai tuna mini dariyar da na yi masa a dajin Shai ba.