Huffin Baduku da Safar Matarsa

Shekara arba'in Baduku yana ɗinka huffi, takalmin fata mai laushi da ake shafa a kansa wajen alwala maimakon wanke ƙafa. Ɗan Malikiyya ne kamar ubansa, kuma a abin da aka karantar da shi, fata kaɗai ake yi wa shafa. Duk wanda ya kawo maganar safa a shagonsa, zai ajiye basilla ya yi masa wa'azi har sai ya yi da-na-sanin shigowa. Mutum ne mai kirki, sai dai taurin kai kamar ƙirgin da bai sha jima ba.

Sai ciwon gwiwa ya kama matarsa, har ba ta iya daɗewa a sunkuye ta wanke ƙafarta. Ya ɗinka mata huffi har kala uku, amma ƙafar kumbura take yi, fatar tana gurje ta. Ya koma rufe shago kowace salla, ya je gida ya wanke mata ƙafa da kansa.

Wata rana masu ciniki suka tsare shi, bai iso ba sai da rana ta faɗi. Ya tarar da ita zaune da buta a gabanta tana hawaye, la'asar ta wuce ta. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai.

Surukinsu, mijin autarsu, ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, a Hambaliyya fa an yarda a shafi safa mai kauri, kwana da yini, in an sa ta da alwala."

"Ni ba biri ba ne da zan riƙa tsalle daga reshe zuwa reshe," in ji Baduku.

Duk da haka washegari ya sami limaminsu, yana sa ran a goya masa baya. Liman ya yi murmushi ya ce, "Mai tsince-tsincen sauƙi don son zuciya ake tsawata wa. Ita lalura gare ta. Malaman mazhabobin nan huɗu duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Ta ɗauki hukuncin da sharuɗɗansa."

Baduku ya zagaya can bayan kasuwa inda ba a san shi ba, ya sayi safa biyu masu kauri, ya cusa su ƙarƙashin fatu a jakarsa kamar wanda ya yi sata.

Yanzu da asuba yake wanke mata ƙafa, ya sa mata safa, ya tafi shago hankalinsa kwance. Shi dai yana nan da huffinsa, wa'azin ne kawai ya ragu.

Rannan yana goge mata ƙafa ya ce, "To, 'yar Hambaliyya, kin huta da ni."

Ta ce, "Malam, safa ta yi. Amma wankin asubar nan kada ka kuskura ka bar wa wani. Ko na warke, kai za ka ci gaba da yi."