Ranar da Na Yi wa Batir Tattali

Shekarata ta biyu ina mushe, wato malamin makaranta, a wani ƙauye tsakanin Mayahi da Gidan Amumune, gwamnatin soja ta aiko muna da tele, wato talabijin. Cikin akwatin ƙarfe take, mai makulli, ga wani faranti bisa rufin lakwal, makarantar tamu ke nan, yana shan rana yana cika batir. Da yake ni kaɗai ne ma'aikaci a garin, ni aka damƙa wa makullin. Wallahi sai na ji kamar an naɗa mini rawani.

Batir ɗin ba wani abin kirki ba ne. Ko ya cika tam, ana ɗan jimawa sai hoto ya fara tsukewa, mutane su koma 'yan mitsi-mitsi, daga nan sai ɗif. Sauran kwanaki ba mai damuwa. Amma in lokacin kokowar ƙasa ya zo, ana nuna ta kai tsaye bayan la'asar, garin kaf sai ya taru a rumfar lakwal, kuma a nan gardama ke tashi.

Kokowa a tele ɗaukar rai gare ta. Ɗan kokowa zai fito ya zagaya fili, ya tsuguna ya zana ƙasa, ya kwance wannan laya ya ɗaura waccan, ya shafa ruwan kwalba, makaɗa na ta zuba mishi kirari. Abokin karonshi shi ma ya yi nashi. In an gama, a duƙa ana kallon-kallo, wannan ya taɓa kan wancan ya janye. Samari, musamman waɗanda suka je cin rani suka ga kaci, kokowar Turawa, cewa suke wannan ɓata lokaci ne, can ana shiga ake ɗaga mutum a maka da ƙasa, a sake ɗagawa. Dattawa su ce ai wancan wasan yara ne, wanda aka kayar sau goma ya tashi ba kayar da shi aka yi ba. Wani Bafulatani da ke biyowa da shanunshi ya taɓa ce muna duk kokowar tana cikin duƙawar nan, faɗuwa labari ce kawai. Ni dai bayan samari nake, ban ɓoye ba. Haƙurina gajere ne tun ina yaro.

Sai na fito da dabara. Na ajiye rediyo kusa da ni, tunda ita ma tana kawo kokowar a lokaci guda. Duk sa'ad da ake kirari da ɗaure-ɗauren layu, in kashe tele. Da na ji mai sharhi ya ɗaga murya an kama, in kunna. Jawabin masu kaki ma ina kashewa, amma sai na waiwaya na tabbata ba baƙon ido. Dattawa suka yi gunaguni suka gaji, don kowa ya ga muna kaiwa karon ƙarshe batir bai mutu ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da kwaɗon tafasa a ƙofar lakwal, kowa Inna yake ce mata. Damina biyu gero bai yi ba, rumbunta ya zama wurin kwanan kaji. Ɗanta guda, ƙato ne, ya sayar da akuyarsu ta ƙarshe ya bar mata kuɗin, ya nufi Maradi dako a tasha. Tun tafiyarshi ba ta sa shi a ido ba. Sai wani direban taksin Tasawa ya kawo labarin an ɗauki yaron cikin 'yan kokowar jaharmu, kuma ranar Asabar zai fito.

Ranar tun azahar ta zo da tabarmarta. Mata a baya suke zama, amma aka buɗa mata ta zo gaba. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Mushe, in an zo kan ɗana, ka bar abin ga a kunne tun daga fitowarshi."

Na ce mata fitowa ba kokowa ba ce, ta kwantar da hankalinta, da an kama za ta gan shi. Batir ya yi sanyi ranar, ga babban karo a ƙarshe wanda samari suka kwana uku suna cacar baki a kanshi. Ta ce to. Ita ba mai jayayya da ma'aikaci ba ce.

Rediyo ta kira sunanshi da sunan garinmu. Rumfa ta ɗauki sowa. Muna ji ana mishi kirari, mai sharhi na faɗin yana zagaya fili, ya tsuguna, ya miƙe, ya juyo wajen 'yan kallo ya ɗaga hannu. Ya daɗe, kamar yadda suke daɗewa. Inna ta ƙura wa baƙin gilashi ido, ni kuwa yatsana na bisa maɓalli. Na ga wani dattijo ya dube ni, na kau da kai.

Aka ce an kama, na danna. Irin telen da, sauti ke fara zuwa, hoto sai ta ɗan yi zafi. Kafin gilashi ya waye mun ji ihu. Da hoton ya fito, wani ne ake ɗagawa sama ana murna, ɗan wata jaha. Can gefe ga bayan mutum yana fita daga fili yana kakkaɓe yashi, shi ma nan take aka kawar da hoton daga kanshi.

Samari suka yi tsaki, wani ya ce ko numfashi biyu bai yi ba. Na kasa duban inda Inna take. Ita ce ta taɓo hannun rigata.

"Ni idona ba shi da ƙarfi, Mushe. Kai da ke kusa, ya rame?"

Na ce, "Ban gani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta naɗe tabarmarta. Aka yi babban karon, batir ya kai mu har ƙarshe, da saura.