Sandar Keken Alƙasum

Na manta abubuwa da yawa na aiki, har sunayen wasu shugabannina sun ɓace mini, Allah shi gafarta. Amma ranar da anka turo keken nan cikin garajinmu na Keita ta ƙi fita kaina. Ku yaran da ke gyaran moto yanzu kun ishe ni da tambayar mi ya sa nake ajiye karan dawa bayan ƙofar shago. Ga dalilin, ku karanta ku bar ni in huta.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, bayan babban farin nan, lokacin da furoje, wato shirin gyaran ƙasa, ya cika gari da manyan motoci. A garaji akwai shef, shugabanmu, Mushe Idi, Mushen nan kamar malam ne da Faransanci. Ƙarƙashinsa masu gyaran kamiyo, manyan motocin kaya, da tarakta, ƙarƙashinsu masu sudur, wato liƙin ƙarfe da wuta. Can ƙasa, inda gaisuwa ba ta kaiwa, ni ne Shitu, mai kekuna da buruwat, baron da mata ke turin duwatsu da shi. Lakkwal, makarantar boko, ban daɗe ba, malam ya dubi kaina ya ce in je in taimaki babana. Wanga rubutu ma a yaƙi da jahilci na tsince shi. In kun ga ya karkace ku yi haƙuri, haka ƙafafun kekunana suke.

Alƙasum falanto ne, wato ɗan aiken biro, ofishin furoje. Aikinsa kai saƙo shantiye-shantiye bisa tudu, inda mata ke jera duwatsu don tare ruwan sama: yaushe rabon abinci, yaushe mota za ta zo, ga mabuɗin magaza, ɗakin ajiyar kaya. Taubashina ne, ɗan gwaggota, ya girme ni nesa ba kusa ba. Dogo ne, da farin rawani, ba ya dariya gaban mutane. Kekensa baƙi ne irin na da, nauyi kamar mushen jaki. Hanyoyin ƙasarmu ta Adar kuwa kun san su, dutse bisa dutse. Kadar ɗin keken, ƙashin bayansa ke nan, ya karye na liƙa, ya karye na liƙa, har liƙi ya fi ƙarfen yawa. Saƙo ya riƙa makara. Wata rana mata sunka wuni cikin rana suna jiran rabon da anka ɗaga, Alƙasum na can hanya da keke bisa kafaɗa.

Ana nan sai wani Anasara injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar wa furoje kekensa na hawan dutse. Direkta ya ce a ba falanto. Ya ƙara da cewa in saƙo ya sake makara, za a ɗauki yaro mai mobilet, ƙaramin babur. Alƙasum kuwa bakunan da ke gidansa da yawa, gonarsa fako ce, kuma ya wuce shekarun cin rani. Aikin nan shi ne tukunyarsa.

Keken, tsakani da Allah, mummuna ne. Taya kamar cinyar ɗan kokowa, ba abin tare taɓo, ba wurin aza kaya. Amma babban laifinsa sanda. Keken namiji sandarsa ta sama miƙe take sak daga wuya zuwa sirdi. Shi wanga tasa ta zube ta baya kamar ƙugun kura. Duk Keita keke ɗaya ke da sanda zube, na sajfam, matar da ke karɓar haihuwa gidan likita.

Alƙasum ya zagaya shi, bai taɓa ba.

"Shef, wanga na wa?"

"Naka ne, Baba Alƙasum."

"Ni haihuwa za ni karɓa?"

Masu sudur sunka shige bayan kamiyo suna ƙyaƙyatawa. Mushe Idi ya ce Anasaran ya bayyana masa da gangan anka sauke sandar, don in mutum ya diro cikin duwatsu kada ta same shi inda ba a faɗi.

Alƙasum ya ce, "Tun ba a haihi Anasaran ga ba nake hawan keke, kuma ga ɗiyana nan cike da gida. A liƙa mini sanda."

Shef ya ce ƙarfen siriri ne kamar gwangwanin madara, wutarmu na taɓa shi zai huje. "Wanda ya kusanto keken ga da wuta, shi da aiki sun rabu." Ni ya kalla da ya faɗi haka, ban san mi na yi masa ba.

Keke ya zauna jingine da bango yana shan ƙura. Alƙasum ya ci gaba da tsohon nasa har ya rabe biyu, rabuwar da ko boka ba ya haɗawa. Sai ga shi da azahar lunguna, ya tsaya kaina.

"Kai, Shitu, marar amfani. Ko ka yi mini sanda, ko in kai masu mabuɗansu in tahi gida."

"Haba babban yaya, hau shi hakanan mana. Mu saya maka kallabi."

Bai ko harare ni ba. Nan na san da gaske yake. Ya gwammace gidansa ya kwana da yunwa da a gan shi cikin kasuwa bisa keken sajfam. Kuma in ya ajiye aiki, ni gwaggo za ta tsine wa.

To, a zamanin nan ba wanda ke hawan keke tsirara. Kana saye sai ka kawo a naɗe maka kadar da zaren leda, ja da kore da rawaya, don ado kuma don kada fenti ya kuje. In an naɗe da kyau, ko maƙerinsa ba ya sanin abin da ke ciki. Na je bayan gari na zaro karan dawa busasshe, miƙaƙƙe, kaurinsa daidai da ƙarfen. Na ɗaure shi da robar taya, kai ɗaya ga wuyan keke, ɗaya ƙarƙashin sirdi, na bi na naɗe kadar duka har da shi. Na sa madubi biyu da tuntaye ga hannu. Wallahi da na gama ni kaina sai da na ja baya na kalla. Ya zama keken mai gida.

Na ce wa Alƙasum, "Ƙarfen Anasara ne, ba shi da nauyi. Sharaɗi ɗaya, kada ka aza masa ko jinjiri, kada ka rataya salka."

Ya shafa sandar ya ce, "Ashe kanka ba duka ne ƙwarya ba."

Mushe Idi ya zo wucewa, ya ƙwanƙwasa sandar da ƙarfen da ke hannunsa. Ta ce ƙuf. Ya daɗe yana kallona.

"Ka taɓa wuta?"

"Ko ashana, shef."

"To ban ga komi ba."

Keken kuwa, duk muninsa, akuya ne. Inda da Alƙasum ke sauka ya tura, yanzu hayewa yake. Saƙo ya riƙa riga mota isa. Zancen yaro mai mobilet ya mutu. Ran kasuwa sai Alƙasum ya ratsa ta tsakiya sannu-sannu, madubai na walƙiya, yana amsa gaisuwa da ka.

Bayan girbi anka tura ni wani shantiye gindin tudu in gyara buruwat. Shugabar matan wurin Tamo ce, mace mai bakin da ya fi gatari. Ina tsugune ina fama da wata ƙafa sai munka hango rawanin Alƙasum na gangarowa. Tsohon kekensa birkinsa sai ka matse da ƙarfin duniya kafin ya ji, shi ko wanga da yatsa biyu yake kamawa. Ɗan akuya ya gitta masa, hannu ya tuna tsohon hali, ya damƙe birkin gaba. Keke ya cije wuri ɗaya. Alƙasum ya zame daga sirdi, ya sauko da nauyinsa duka bisa sanda.

Ƙaras!

Totuwa fara ta watse bisa duwatsu. Shi kuwa ga shi tsaye da ƙafafunsa biyu, lafiya lau, guntayen kara na lilo gaba da baya cikin leda. Sandar gaskiya tana can ƙasa inda Anasara ya ce, ba ta taɓa shi ba.

Tamo ta sauke dutsen da ke kanta, ta ɗauki guntun kara, ta shinshina.

"Baba Alƙasum, ashe da abincin jaki kake yawo? Shi ya sa awakinmu ke tarbarka!"

Mata sunka fashe, wasu har da zama ƙasa, wata ta rangaɗa guɗa. Ni na cusa kaina cikin buruwat. Alƙasum ya miƙa wa Tamo mabuɗi, ya faɗi saƙonsa daidai, ya juya yana tura keke. Ko inda nake bai duba ba.

Wanshekare bai zo aiki ba. Mushe Idi ya ce zai rufe masa na yau, amma in gobe ta yi dole direkta ya ji. Da anka tashi na ja ƙafa zuwa gidansa, ina lissafin ta inda zan gudu in ya ɗauko takobi. Na iske shi zaune gindin rumbu, damin kara gabansa. Yana ɗaukar ɗaya, ya lanƙwasa bisa gwiwa, ya jefar.

"Zauna, ɗan banza. Kara ma ba ka iya zaɓe ba. Wancan gara ta fara cinsa."

Na ce, "Yaya, zancen ya gama gari fa. Har gidan likita an sani."

"An sani." Ya ɗaga wani ya auna shi da ido. "Da ƙarfe ka sa, da yanzu can nake kwance ana gaishe ni ana sunkuyar da kai. Anasaran ga ba wawa ba ne."

"To mu kwance ledar ka hau shi yadda yake."

Sai ya dube ni kamar na zagi gwaggo.

"Shitu, wa bai san sanƙo ne ƙarƙashin rawanin ga ba? Ka taɓa jin an ce in tuɓe? Ungo, naɗa wanga."

Na naɗa. Da safe ya ratsa kasuwa da sabuwar sanda, kai sama. Yara sunka bi shi suna kukan jaki, bai waiwaya ba. Kafin damina sun gaji sun bari.

Ni ne ban samu bari ba. Kara ya karye in sake, rana ta gasa shi in sake, akuya ta huda leda ta ci in sake. Kowane girbi Tamo sai ta aiko mini da dami, a ce in ji ta ga ƙarfen Baba. Haka munka yi har ya ajiye aiki da kansa, da rawaninsa, ba wanda ya kore shi. Shekarun da na yi ina naɗin kara sun fi waɗanda na yi lakkwal.

Abin da na koya ke nan, in koyo ne. Mutum ya kawo maka abin hawa ya ce a sa masa wani shirme, kada ka yi saurin dariya. Ƙarfe kai ka san shi, amma shi zai ratsa kasuwa, ba kai ba. Ka yi masa adonsa, sai dai ka yi shi da abin da zai karye kafin shi ya karye.

Alƙasum ya riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙansa. Keken na wurin jikarsa, da shi take zuwa ɗebo ruwa, ba leda ba madubi, kuma ba ta taɓa neman sanda ba. Karan da ke bayan ƙofa kuwa kowace kaka ni ke sake shi. Hannu ne ya saba. Ku bar mini abina.