Ruwan Da Ya Cinye Gonar Babanmu

Ni ne wawan da aka gani a Samaru cikin daminar bana, tsaye tsakiyar ruwan sama, ba riga, ina zagin indararo. Masu keke napep har tsayawa suka yi suna kallo. Ban musa ba, aji uku na yi a firamare malam ya ce kaina dutse ne, amma ko dutse ya san inda ruwa ke bi.

Muna yara, gonarmu tana kan gangare, daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Babanmu ba ya yin kunya ta bi gangaren, sai dai ta gicciye shi, don ruwa in ya sauko ya tarar da shinge ya zauna ƙasa ta sha. A kan iyaka kuwa gamba ce ya jera, saiwarta ta riƙe ƙasa kam. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, kafin mu sha koko sai ya kora mu gona da kwando, mu tsinci duwatsu mu cusa a duk wata 'yar tsaga da ruwa ya yi. Ni kuwa na fi son in zauna in yi jirgin kara in sake shi a tsagar, ina yi masa kirari. Tsumagiyar da na sha a kan haka, da dawa ce da ta cika rumbu. Yakan ce, "Tsagar da yatsa zai toshe yau, gobe sai ta haɗiye jaki."

Bai ga jakin ba, Allah ya ji ƙansa. Ni na gani. Wani Alhaji, mai tumbi kamar randa, ya sayi gonakin da ke samanmu, ya sare ɗorawar, ya tumɓuke gamba, ya jera ɗakunan haya na ɗalibai. Tsakar gidan ma siminti ya malala, ko kaza ba ta samun wurin tono. Ruwan kwanonsa kaf ya haɗa a bututu ɗaya, ya saita bakinsa kan ɗan abin da ya rage mana. Na je na same shi, ya ce wai ruwan Allah ne. Na ce Allah ya saukar, amma ba Allah ya sayo bututu a Sabon Gari ba. Ya sa maigadi ya rako ni waje.

Yanzu inda muke yanka dawa kwazazzabo ne, ja wur, ya fi tsayina, cike da leda. Bana ya cinye kunyoyin ƙarshe, ya fara lasar katangar ɗakina. Da, ruwa in ya sauka murna muke yi, yanzu hadari na haɗuwa sai in fita duba katangar.

Ranar da na gama zagin indararon Alhajin, wata ɗaliba ta leƙo ta taga, da ladabinta, ta ce, "Baba, yi haƙuri. Wai da gaske nan wurin gona ce a da?"